Bayan An Kwance Takunkumi: Yadda Jama'a Suka Karɓi Ƙarshen Dokar Rufe Baki da Hanci

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku. Tsayuwar ɗalibi ya yi jawabi a gaban malamansa ba ƙaramin nauyi ba ne, ko da kuwa furfura ta game masa kai, saboda haka ina neman afuwa tun kafin in fara. Batun da aka ɗora mini shi ne in yi bayani a kan yadda jama'a suka karɓi janye dokar rufe baki da hanci bayan annobar korona ta lafa. Wani zai ce ai wannan magana ta wuce, me ya kawo ta yanzu? Amsa ita ce, ba a sanin matsayin doka a zukatan mutane sai ranar da aka ɗage ta. Ranar ce ake gane wanda ya bi don tsoron hukuma, da wanda ya bi don ya fahimta, da wanda bai taɓa bi ba tun asali. Kuma wannan sani zai yi mana amfani, domin annoba ba ta yi ban kwana da duniya ba.

Sunan kansa

Bari in fara da sunan da muka ba abin. Da ya zo mana, 'yan jarida da gidajen rediyo sun kira shi takunkumi. To, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san takunkumi. Shi ne abin da ake ɗaura wa jaki ko raƙumi a baki in za a ratsa gona, don kada ya ci shukar mutane. A harshen siyasa kuma, takunkumi shi ne horon da manyan ƙasashe ke yi wa ƙasar da suka ga ta kangare. Ke nan tun daga suna, abin ya shigo kunnen Bahaushe a matsayin tilas da hukunci, abin da wani ke ɗaura maka, ba abin da kai ka ɗauka da hannunka ba. Wanda aka sa wa takunkumi kuwa ba shi da buri sai ranar da za a kwance masa.

Abin mamaki shi ne rufe fuska ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sarakunanmu na ja amawali su rufe baki, kuma wannan alama ce ta girma. Buzaye na naɗa rawani su bar idanu kaɗai. Mai babur da ɗan tireda a bakin titi na ɗaura ƙyalle in hunturu ya kankama, tun kafin a san korona. Duk waɗannan ba wanda ya kira su takunkumi, domin mai su ne ya ga dama ya sa. Ina roƙon a riƙe wannan bambanci, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Yadda dokar ta zo, da yadda ta tafi

A ranar 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, a Legas. A ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira ta annobar da ta game duniya. A farkon lamari ita kanta Hukumar ba ta shawarci masu lafiya su rufe fuska ba, sai a ranar 5 ga Yuni na wannan shekara ta canza shawara, bayan an tabbatar cewa mutum na iya yaɗa cutar tun bai fara jin ciwo ba. A nan gida, an wajabta sa takunkumi a bainar jama'a lokacin da aka fara sassauta dokar kulle a ranar 4 ga Mayu, 2020. A watan Janairu na 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙa'idojin da suka tanadi tara ko ɗaurin wata 6 ga wanda ya saɓa.

Janyewa kuwa ta zo ne daki-daki, kowace ƙasa da lokacinta. Gana ta ɗage tata a ƙarshen Maris na 2022, Afirka ta Kudu a watan Yuni. Nijeriya ta bar wa mutum zaɓi in yana a sarari tun watan Afrilu na 2022, sannan a watan Disamba ta ɗage wajabcin a filayen jirgin sama da cikin jirage. A ranar 5 ga Mayu, 2023, shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Tedros Ghebreyesus, ya bayyana cewa matakin gaggawa ya ƙare. A jawabin nasa ya ce mutuwar da aka kai rahoto ta kusa miliyan 7, amma ainihin adadin bai gaza miliyan 20 ba. Ya kuma ja kunne cewa ƙarewar matakin gaggawa ba ta nufin ƙwayar cutar ta tafi.

In muka dubi yadda al'ummomi suka karɓi wannan janyewa, za mu iya kasa su gida uku.

Kashi na farko: waɗanda suka yar da shi da shewa

A ranar 18 ga Afrilu, 2022, wata alƙaliyar kotun tarayya a jihar Fulorida ta Amurka ta soke dokar da ta wajabta sa takunkumi a jiragen sama da jiragen ƙasa da motocin haya. Labarin ya riski wasu jirage suna sama. Da matuƙa suka sanar, sai aka ga fasinjoji suna tafi, suna cire takunkumi suna kaɗawa. Hotunan sun zaga duniya, kuma wanda ya gan su zai ɗauka duk Amurkawa sun ƙosa. Amma wani jin ra'ayin jama'a da kamfanin dillancin labarai na AP ya gudanar a wannan mako ya nuna kashi 56 cikin 100 na son a ci gaba da dokar a motocin haya da jirage, kashi 24 ne kawai ba sa so. Darasi na farko ke nan: mai ƙarar murya ba lallai ne shi ne mai rinjaye ba. Wanda ya zauna shiru a kujerarsa, wataƙila yana ɗauke da ciwon da bai gaya wa kowa ba, kyamara ba ta ɗauke shi ba.

Wannan shewa tana da kaka a tarihi. A lokacin babbar murar 1918, wadda ta iso Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na wannan shekara ta kuma bi hanyar dogo zuwa Arewa, birnin Sanfaransisko na Amurka ya wajabta rufe fuska. Da tsakar ranar 21 ga Nuwamba, 1918, aka busa jiniya cewa doka ta ƙare, mutane suka yi ta jefar da ƙyallayensu a kan titi. Ba a yi nisa ba cutar ta dawo, aka maido da dokar a watan Janairu na 1919. A karo na biyu jama'a suka yi turjiya, har aka kafa ƙungiya ta musamman ta masu adawa da takunkumi, ta tara dubban mutane a taro guda. A farkon Fabrairu aka janye dokar.

Kusan abin da ya faru ke nan bayan shekara ɗari. A ranar 13 ga Mayu, 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce wanda ya yi rigakafi ya huta da takunkumi, a ƙarshen Yuli kuma ta janye maganar saboda nau'in Delta. Ingila ta ɗage dokar a ranar 19 ga Yuli, 2021, jaridu suka sa wa ranar suna ranar 'yanci, amma hukumar sufurin birnin Landan ta ci gaba da neman fasinjoji su sa. Da nau'in Omikuron ya ɓullo a ƙarshen shekara aka maido da dokar, sai a ranar 27 ga Janairu, 2022, aka sake ɗage ta. Abin lura a nan shi ne, duk dokar da aka ɗage da biki, in buƙata ta sa aka dawo da ita, ba ta samun biyayya irin ta farko. Mutane na ganin an yi musu alƙawari an saɓa.

Kashi na biyu: waɗanda aka ce su cire suka ƙi

A ɗaya ɓangaren akwai ƙasashen gabashin Asiya. Ƙasar Japan ba ta taɓa kafa dokar da ta tanadi tara ko ɗauri a kan takunkumi ba, shawara ce kawai gwamnati ta bayar, amma kusan kowa ya bi. A ranar 13 ga Maris, 2023, gwamnati ta ce daga yanzu kowa ya yi abin da ya ga ya dace. Washegari aka fito tashoshin jiragen ƙasa na Tokiyo, sai ga yawancin mutane fuska a rufe kamar jiya. Koriya ta Kudu ta ɗage wajabcin a cikin gine-gine ranar 30 ga Janairu, 2023, a motocin haya kuma ranar 20 ga Maris, nan ma mutane da yawa suka ci gaba. Hong Kong ta riƙe dokarta tun daga Yuli na 2020 har zuwa 1 ga Maris, 2023, kusan kwana dubu, da tarar dalar Hong Kong 5,000, kuma ranar da aka ɗage ta akasarin masu wucewa a titi ba su cire ba.

Me ya sa? Dalili na farko tarihi ne. Hong Kong ta rasa mutum 299 a annobar SARS ta 2003, kuma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya. Japanawa kuwa sun saba da rufe fuska tun murar 1918, kuma kowace bazara miliyoyinsu na sawa saboda ƙurar furen itatuwa da ke sa su atishawa. A wurinsu mai mura ya rufe bakinsa ladabi ne, kamar yadda mu muke cire takalmi kafin mu shiga ɗakin dattijo.

Dalili na biyu idon jama'a ne. Ba wanda ke son ya zama shi kaɗai ne fuska a buɗe a cikin tarago. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi ba ni tausayi, kuma ya shafi irin wannan taro namu. Akwai yaran da suka shiga ƙaramar sakandare a Japan a watan Afrilu na 2020, suka yi shekara uku cur ba su ga cikakkiyar fuskar abokan ajinsu ba. Sai da gwamnati ta fito ta ce a bikin yaye ɗalibai na Maris 2023 an yarda yara su buɗe fuska. Duk da haka wasu suka kasa, kunya ta hana su, har aka riƙa kamanta cire takunkumi a gaban mutane da tuɓe tufafin ciki. 'Yan'uwana, ku dubi yadda yau muka gane juna a bakin ƙofa bayan shekara talatin ko arba'in, wani ta wushirya, wani ta murmushi, wani ta tabon da ya samu a filin ƙwallo. Ku auna ɗalibin da zai zo irin wannan taro nan gaba alhali idanu da goshin abokansa kaɗai ya sani. Wannan ma hasara ce, kuma bai kamata masu goyon bayan takunkumi su raina ta ba.

Kashi na uku: mu da muka riga doka

Yanzu sai mu dawo gida. A Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har zuwa Maraɗi da Damagaram, ba a yi shewa ranar da aka ɗage doka ba, ba a kuma yi nauyin hannu wajen cirewa ba. Gaskiyar magana, da yawa ba su ma ji sanarwar ba, domin tuni takunkumi ya sauka daga hanci zuwa haɓa, daga haɓa zuwa aljihu. Ya zama kamar katin shaida: a ciro shi a ƙofar banki ko asibiti ko filin jirgi, da an wuce maigadi a mayar. Har akan ga mutum biyu suna aron guda ɗaya don shiga ofis.

Kada mu yi saurin cewa jahilci ne, domin masu digiri ma haka suka yi. Akwai dalilai, kuma ya kamata a faɗe su.

Na farko, abin da ido ya gani. Adadin da hukuma ta tabbatar a Nijeriya shi ne kimanin mutum dubu 267 da suka kamu, da mutuwar kimanin 3,155, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Gwaji ya yi ƙaranci, gaskiya ne, amma kuma yawancinmu matasa ne, cutar kuwa ta fi kayar da tsofaffi. Talaka ya duba unguwarsu bai ga abin da ake nuna masa na Italiya ba, sai ya ce ciwon manya ne da masu hawa jirgi. Sai dai mutanen Kano ba za su manta da watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da aka yi ta rasa dattawa da malaman jami'a da manyan ma'aikata a jere. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da nasaba da korona. Akwai gidaje a cikinmu da wannan wata ya taɓa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Na biyu, zafi da tsada. Rufe hanci a watan Afrilu, ana zafin da ya haura digiri 40, a cikin kasuwa ko a bayan A Daidaita Sahu, ba daidai yake da rufe shi a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba. Wanda kuma sai ya fita zai samo na cefane, sayen sabon takunkumi kullum nauyi ne a kansa.

Na uku, kuma shi ne babba, yarda. An rufe kasuwanni da makarantu da masallatai da coci-coci, amma aka ga cincirindo a tarurrukan yaƙin neman zaɓen gwamna a jihohin Edo da Ondo a 2020. A watan Oktoba na wannan shekara kuma aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama aka tarar da kayan tallafin da talakawa suka yi ta jira lokacin kulle. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila an ci tarar Firayim Minista Boris Johnson a 2022 saboda saɓa dokar kullen da gwamnatinsa ta kafa. A Sanfaransisko ta 1918 ma an ci tarar magajin gari bayan an ɗauki hotonsa a wurin kallon dambe fuska a buɗe. Ko'ina a duniya, in mai doka ya taka ta, na ƙasa zai ɗauka ba don lafiyarsa aka yi ta ba.

Na huɗu, matsayin fuska a al'adarmu. Mu ne muka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, muka kuma ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaro ya je gaida mahaifinsa baki a rufe, ko mutum ya je ta'aziyya ko dubiya ya ƙi buɗe fuska, sai a ɗauka girman kai ne ko ƙyama. Yau an kai matsayin da in ka shiga taro da takunkumi sai a tambaye ka, lafiya? Ko a yi maka ba'a cewa kai kaɗai korona ta rage wa. Ƙari a kan haka, ɓata-gari sun samu mafaka a cikinsa wajen ƙwacen waya da sauran ayyukan assha, wanda ya ƙara shafa wa mai sa shi don lalura baƙin jini.

Malamanmu za su tuna yadda suke jera mu a layi da safe ana duba farce da haƙora da wuyan riga, da yadda ake zagaya ɗakunan kwana ranar Asabar. Da muka bar makaranta ba wanda ya sake duba farcenmu. Amma har yau muna yanke shi, alhali tashin ƙararrawa da sanya farin kambas mun bar su a bakin get. Bambancin shi ne ɗaya an fahimtar da mu dalilinsa har ya zama ɗabi'a, ɗayan kuwa doka ce ta wuri da lokaci. Takunkumi ya zo mana da ɗan sanda da kotun tafi-da-gidanka, bai zo da malami ba. Shi ya sa da ɗan sanda ya tafi, ya tafi da abinsa.

Me bincike ya nuna?

To, shin abin yana da amfani ma kuwa? Nan ya kamata a yi adalci, kada a ƙara gishiri ta kowane ɓangare.

A ɗakin gwaji ba a jayayya cewa takunkumi na tare ɗigon yawu da ƙananan ɓurɓushin da ke fita in mutum ya yi tari ko magana. Nau'in N95, in ya zauna daram a fuska, ya fi na asibiti, na asibiti kuma ya fi na yadi. Inda ake jayayya shi ne, in aka umarci gari guda su sa, nawa ne cutar ke raguwa? A Danmak an yi gwaji da mutum kimanin 6,000 a 2020: kashi 1.8 cikin 100 na masu sawa suka kamu, da kashi 2.1 na marasa sawa, bambancin da bai isa a yanke hukunci a kansa ba. A farkon 2023 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje da dama, wasu suka yi ta yaɗa cewa ta tabbatar takunkumi ba ya aiki, har sai da babbar editar cibiyar ta fito a watan Maris ta ce wannan fassara kuskure ce, abin da aka samu bai yanke hukunci ba ne kawai.

Gwajin da ya fi kusa da yanayinmu shi ne na Bangaladash, wanda aka yi a ƙauyuka 600 da mutum kimanin dubu 340. An raba takunkumi kyauta gida-gida, an sa mutane suna tunatarwa a kasuwanni da masallatai, limamai suka yi bayani ranar Juma'a, shugabannin gari suka sa don a gani. Masu sawa suka tashi daga kashi 13 zuwa kashi 42 cikin 100. A ƙauyukan da aka raba irin na asibiti, kamuwa mai alamu ta ragu da kimanin kashi 11, a tsakanin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa da kimanin kashi 35. Saƙon waya da alƙawarin kyauta ba su ƙara komai ba. Bayan 'yan watanni da daina tunatarwa kuma, yawan masu sawa ya sake faɗuwa. Ku lura, ba bulala a cikin wannan aiki, ba tara. Bayani ne daga bakin wanda aka yarda da shi, da misali daga na gaba.

A taƙaice, takunkumi ba laya ba ne, ba kuma wasan yara ba ne. Yana rage haɗari gwargwadon ingancinsa da yadda aka sa shi, kuma ya fi amfani a fuskar mai ciwo, a wuri mai cunkoso, da kuma kusa da tsofaffi.

Abin da ya kamata mu riƙe

Ba na kira a dawo da doka. Lokacinta ya wuce, kuma ta yi wa wasu nauyi: kurame masu karanta leɓe, da ƙananan yara masu koyon furuci, da malami mai magana da aji na mutum tamanin. Abin da nake jin tsoro shi ne mu zubar da amfanin tare da dokar, alhali muna zaune a yankin da iska ke ɗauke da cututtuka tun kafin korona. Da yawanmu mun shaida sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da dubu 100 a Arewacin Nijeriya ya kashe fiye da dubu 11. Mashaƙo ya sake ɓulla daga ƙarshen 2022, Kano ce kuma ta fi jin jiki. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Ga ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana tayar wa masu asma ciwo kowace shekara. Maganin sanƙarau da mashaƙo na farko allurar rigakafi ce, kada wani ya ɗauka ƙyalle zai maye gurbinta. Amma mai tari ya rufe bakinsa taimako ne a kan dukkansu.

Saboda haka ina ba da shawarwari guda biyar, waɗanda ba sa buƙatar sa hannun gwamna.

Na ɗaya, wanda mura ko tari ya kama, ya rufe baki da hanci in zai shiga mota ko aji ko sahu ko ofis. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a je asibiti a gwada, gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Na biyu, in za mu gaida dattijo, musamman waɗannan iyaye namu da suka tsufa a kan koyar da mu, alhali muna jin mura, mu sa takunkumi ko mu ɗage ziyarar. A koya wa yara cewa wannan girmamawa ce, ba ƙyama ba.

Na uku, mu bar yi wa mai sa shi ba'a ko tambayar ƙwaƙwa. Mai wankin ƙoda, da mai shan maganin daji, da mai ciwon suga, da mai jinyar tsohuwa a gida, ba dole ne su karanta mana takardar likita ba. Haka kuma wanda ya sa kada ya riƙa harara wanda bai sa ba. Da doka ta tafi, abin da ya rage a tsakaninmu shi ne mutunta juna.

Na huɗu, maniyyata su tafi da shi cikin guzuri. Saudiyya ta taƙaita Hajjin 2020 ga mazauna ƙasar 'yan ƙalilan, na 2021 ga kimanin dubu 60, sai a 2023 aka koma fiye da miliyan 1.8. Duk wanda ya je ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi, kuma sau da yawa tsofaffin gida ne ke karɓa daga hannun masu zuwa barka.

Na biyar ya shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke kwana a ɗakunan da muka kwana. In Ƙungiya za ta yi wani aiki a makaranta, a duba tagogi. Ɗakin da aka gina don mutum talatin ya koma ɗaukar saba'in, an kuma toshe tagoginsa da kwali saboda sanyi ko sauro, ya fi kowane wuri saurin yaɗa ciwo. Raga a taga, da iska mai ratsawa, da kwalin takunkumi a ɗakin shan magani don yaron da ya fara tari, kuɗinsu bai kai na fentin get ba.

Daga ƙarshe, jama'a, wata annobar za ta zo, ko a zamaninmu ko a na jikokinmu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ta zo, hukuma za ta sake neman mutane su yi abin da ba su saba ba. Ko za su yi ko ba za su yi ba, ya dogara ne a kan yardar da aka gina tun yanzu. A cikin wannan zaure akwai likitoci da alƙalai da 'yan jarida da limamai da masu riƙe da sarauta da manyan ma'aikatan gwamnati. Ku ne za a saurara a ranar. In kun faɗi gaskiya gwargwadon abin da aka sani, kuka kuma fara aikata abin da kuka umarta, jama'a za su ɗauki abin da hannunsu, kuma abin da mutum ya ɗauka da hannunsa ba ya yar da shi don an busa jiniya.

 Allah ya ƙara mana lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar zumunci, ya mai da kowa gidansa lafiya.